Maharbin da ya rataye bindiga: rayuwa da aikin Peter Scott

Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon dukiyarsa ba ya rufe sito sai ya san buhu nawa suka shiga, nawa suka fita, nawa kuma ɓera ya huda. Ma'aikacin biro shi ma yana da rajistarsa, kome ƙanƙantar abin da aka damƙa masa sai ya rubuta, domin ya san wata rana za a tambaye shi. Akwai kuwa wata dukiya da ɗan Adam ya daɗe yana ɗiba ba tare da rubutawa ba, ita ce ta daji da ta ruwa, wato namun dawa da tsuntsaye. Ba a farga da ƙarewarsu sai ranar da tsoho ya nuna wa jikansa wani fili ya ce a da jimina na kiwo a nan, yaro kuwa ya ɗauka tatsuniya ake yi masa. Filin wannan mako ya tsaya ne kan wani Bature ɗan Ingila mai suna Peter Scott, masanin halittu, mai zanen tsuntsaye kuma marubuci, wanda ya ƙarar da fiye da rabin rayuwarsa wajen buɗe wa wannan dukiya littafin lissafi. Abin da ya ƙara wa labarinsa armashi shi ne da bindiga ya fara.

Wasiyyar uba

An haifi Peter Scott a birnin Landan ranar 14 ga Satumba 1909. Mahaifinsa, Kyaftin Robert Falcon Scott, hafsan sojan ruwa ne, shi ne ya jagoranci ayarin Ingilishi da ya nufi tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya, wurin da Faransawa ke kira Pôle Sud. Sun isa ranar 17 ga Janairu 1912, suka tarar da tutar Roald Amundsen ɗan ƙasar Norwe, wanda ya riga su da mako biyar. A kan hanyar komowa yunwa da sanyi suka cinye su su biyar duka. Ukun ƙarshe sun mutu cikin tanti a ƙarshen watan Maris, kilomita 18 kacal tsakaninsu da inda aka ajiye musu abinci da man hura wuta.

Cikin takardun da aka samu kusa da gawar Kyaftin akwai wasiƙar da ya rubuta wa matarsa Kathleen, wadda sana'arta sassaƙar mutum-mutumi ce. A ciki ya roƙe ta da ta yi ƙoƙari ta sa wa yaron sha'awar sanin halittu, domin a ganinsa wannan ya fi wasannin motsa jiki amfani. Yaron na da shekara biyu da rabi a lokacin, bai ma san fuskar ubansa sosai ba. Uwar ta riƙe wasiyyar da hikima, ba ta tilasta masa ba, ta dai bar shi yana tara tsutsotsi da malam-buɗe-littafi da ƙadangaru, yana zana su a takarda. Da ya girma ya shiga jami'ar Kambirij don karatun ilimin halittu, daga baya ya koma tarihin zane, ya gama a 1931, sannan ya ƙaro horon zane a Munik ta Jamus da kuma Landan.

Shekarun bindiga

A Kambirij ne farauta ta shiga jininsa. Gabashin Ingila ƙasa ce ta fadama da laka, kuma duk lokacin ɗari dubban dinyoyin daji da agwagin ruwa ke saukowa can daga ƙasashen arewa. Scott da abokansa kan tashi tsakar dare su kwanta rub-da-ciki a ƙaramin kwalekwale mai ɗauke da doguwar bindiga, su lallaɓa har su kusanci garken tsuntsaye, harbi guda ya zubar da da yawa. Ya ƙware ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya ji daɗin abin ba. Maharbi na gari kuwa dole ya san inda tsuntsu ke kwana, abin da yake ci, lokacin tashinsa da yadda yake bin iska. Wannan sani da ya tara don kisa shi ne ya zama jarin zanensa.

A 1933 ya yi nunin zanensa na farko a Landan, aka yi rububin saye. Hotunan garken dinya ne suna keta sararin sama da asuba ko da almuru, a bisa fadama mai hazo. Masu sukar zane sun ce abu guda yake ta maimaitawa, amma jama'a sun so su, aka riƙa buga su ana ratayewa a ɗakuna. A wannan shekara ya kama hayar wata tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa a bakin kogin Nene, kusa da garin Sutton Bridge, ya zauna can har 1939. A nan ya rubuta littafinsa na farko, Morning Flight, wanda ya fito a 1935, ya kuma ƙawata shi da zanensa. A nan kuma ya fara kiwon dinyoyin daji a wani fili da ya killace. Wata rana wata ƴar dinya ta daji ta sauka cikinsu da kanta, ya sa mata suna Anabel. Da ɗari ya wuce ta tashi ta bi ƴan'uwanta arewa, da kaka ta zagayo sai ga ta ta komo gindin hasumiyar. Tsuntsun da mutum ya san sunansa, ya kuma yi wata da watanni yana jiran komowarsa, ɗora masa bindiga sai an daure.

Akwai kuma wani abu da ya tsaya masa a rai, wanda ya ba da labarinsa da kansa daga baya. Wata safiya shi da abokan farauta suka harbi wata dinya, ta faɗa can cikin laka mai haɗiye mutum, ƙafafunta a karye. Babu wanda ya iya kai gare ta don ya ƙarasa ta. Washegari suka komo suka same ta nan da ranta, ta ɗaga kai tana dube-dube. Ya ce ko maƙiyinsa ba zai so wa irin wannan mutuwa ba, balle tsuntsun da yake cewa yana ƙauna. Duk da haka bai bar harbi nan take ba. Ya ɗauki shekaru yana kokawa da zuciyarsa, sai a farkon shekarun 1950 ya rataye bindiga baki ɗaya. Shi kansa ya san hali zanen dutse ne, kankare shi sai a hankali, shi ya sa har ya mutu bai mai da maharba abokan gaba ba, ya fi son zama da su a yi shawara.

Mutum ne mai hannu da yawa. A wasannin Olimpik na Barlin a 1936 ya ciyo wa Ingila lambar tagulla a tseren kwalekwale mai tafiya da iska. A yaƙin duniya na biyu ya yi aikin sojan ruwa, ya jagoranci ƙananan jiragen yaƙi a mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka ba shi lambar jarunta. Idonsa na mai zane ya yi amfani ko a can, domin shi ne ya tsara wani fenti na fari da shuɗi-shuɗi da kore-kore da ke sa jirgi ya saje da hazon teku da dare. Da aka gama yaƙi a 1945 ya tsaya takarar ɗan majalisa, ya faɗi da ƙuri'u ƙalilan. Faɗuwar nan ta zama gobarar Titi, don da ya ci zaɓe da wuya ya sami sukunin abin da ya biyo baya.

Slimbridge, inda aka fara ƙidaya

A watan Disamba 1945 wani manomi ya gayyace shi wani ƙauye mai suna Slimbridge, a bakin kogin Severn da ke yammacin Ingila. Cikin garken dinya kusan 2,000 idonsa ya tsinto wasu guda biyu na wani ƙaramin iri da kusan ba a taɓa gani a ƙasar ba. Nan ya yanke shawarar wurin da zai kafa abin da ya daɗe yana mafarki. A watan Nuwamba 1946 aka buɗe ƙungiyar kare tsuntsayen ruwa ta Severn, wadda a yau ake kira Wildfowl and Wetlands Trust, tana da wurare kusan goma a faɗin Birtaniya. A zamanin, al'adar masu kare daji ita ce su kewaye wuri su hana kowa shiga. Scott ya bi wata hanya dabam, ya gina bukkoki masu ƴan tagogi inda mutum zai zauna ya kalli tsuntsu kusa da kusa ba tare da ya firgita shi ba, ya buɗe ƙofa ga ƴan lakwal da iyayensu. Hujjarsa ita ce gani ya kori ji, mutum ba ya tsayawa kare abin da bai taɓa gani ba.

Bayan kallo sai ƙidaya. Tambayar da ta dame shi mai sauƙi ce: dinyoyin nan su nawa ne, daga ina suke zuwa, nawa ke mutuwa kowace shekara? Babu wanda ke da amsa. Shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wata babbar raga da ƙananan rokoki ke jefawa a kan garke yana kiwo, a kama tsuntsaye da rai, a sa wa kowanne zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Duk wanda ya harbe shi ko ya tsince shi a wata ƙasa sai ya aiko da lambar, ta haka ake gane hanyar da ya bi da shekarun da ya yi. A 1951 da 1953 ya tafi tsakiyar tsibirin Aisland, inda wani irin dinya mai jan ƙafa ke ƙyanƙyasa. Akwai ƴan makonni a shekara da tsuntsayen ke zubar da gashin fiffike, ba su iya tashi, sai aka riƙa koro su bisa dawaki kamar garken tumaki ana shigar da su shinge. A tafiyar 1953 kaɗai an sa wa kusan 9,000 zobe. Lissafin da ke biye ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa: idan an san yawan masu zobe, aka kuma sake kamu a Ingila aka ga kashi nawa cikin ɗari ke da zobe, to an san kimanin yawan garken duka.

Dinyar Hawayi

Aikin da ya fi fito da sunan Slimbridge shi ne ceton wata dinya da ba a samu ko'ina a duniya sai a tsibiran Hawayi, masu ƙasar na kiranta nene. An ƙiyasta sun kai 25,000 lokacin da Turawa suka fara isa can a 1778. Farauta ta rage su, sai kuma kyanwa da ɓera da alade da jiragen ruwa suka kawo, da tunku da aka shigo da shi a 1883 don ya kashe ɓerayen gonakin rake, shi kuwa ya koma wa ƙwan tsuntsaye. Zuwa farkon shekarun 1950 abin da ya rage a daji bai wuce 30 ba.

A 1950 aka aiko wa Scott guda biyu da niyyar su hayayyafa. Da lokaci ya yi sai dukansu biyu suka yi ƙwai, ashe mata ne duka. Aka aika Hawayi da gaggawa aka kawo namiji, a 1952 aka sami ƙyanƙyasar farko. Shekara goma bayan haka, a 1962, aka fara mayar da jikokinsu tsibirin Maui ana sakinsu a daji, tare da waɗanda hukumomin Hawayi suka kiwata a can. Abin bai tafi sumul ba, da yawa daga cikin waɗanda aka saki sun mutu, domin tunku da kyanwa na nan inda aka bar su. Sai da aka haɗa da tarkon waɗannan mafarauta da gyaran wurin kiwo sannan garken ya miƙe. A yau sun haura 3,000, kuma a 2019 gwamnatin Amurka ta sauko da su daga sahun masu gab da ƙarewa. Darasin da masana suka ɗauka shi ne kiwo a keji yana sayen lokaci ne kawai, in ba a kawar da abin da ya kashe na farko ba, na biyu ma zai bi su.

Kowane baki da zanensa

Gidan Scott a Slimbridge na da wata ƙatuwar taga da ke fuskantar tafki, a bakinta yake zane. A watan Fabrairu 1964 wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, irin waɗanda Faransawa ke kira cygne, suka fara sauka gaban tagar. Daga arewacin Rasha suke zuwa, tafiyar kilomita kusan 3,500. Ga kowa duk kamarsu ɗaya, amma mai zane ya lura cewa baƙi da rawayan da ke bakin kowannensu na da tsari nasa, kamar yadda zanen yatsa ya bambanta tsakanin mutane. Ya fara zana bakin kowanne, hagu da dama da gaba, yana ba shi suna. Matarsa Philippa da ƴarsu Dafila suka karɓi aikin, ma'aikata suka ci gaba bayansu, har aka rubuta tarihin tsuntsaye fiye da 10,000 ɗaya bayan ɗaya.

Rajistar nan ta tona abubuwa da yawa. An gane cewa miji da mata kan zauna tare har mutuwa, rabuwa sai jefi-jefi, kuma iyaye ne ke nuna wa ƴaƴa hanya a tafiyarsu ta farko. Da aka fara ɗaukar hoton ƙashinsu irin na asibiti a shekarun 1970, sai aka ga kusan ɗaya cikin uku na yawo da ƙwayoyin harsashi a jiki, alhali doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa. Ba don rajistar ba, da kowace gwamnati ta ci gaba da nuna takardar dokarta tana cewa lafiya lau.

Asusu da Jan Littafi

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 Scott ya zama sananne a kowane gida na Ingila, saboda shirin namun daji mai suna Look da ya fara gabatarwa a tele ta BBC a 1955, ya yi fiye da shekara goma yana yi. Ya kuma zana dukan agwagi da dinyoyin duniya don babban littafin masanin nan Bafaranshe Jean Delacour. Wannan suna ya sa a 1961 ya shiga sahun waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya, WWF, a garin Morges na ƙasar Suwis, tare da Julian Huxley da Max Nicholson da wasu. Akwai ƙungiyar masana, UICN, tun 1948, amma ilimi gare ta, ba ta da kuɗi. Aikin sabon asusun shi ne nemo kuɗin. Scott ne shugaban majalisarsa na farko, shi ne kuma ya zana alamarsa, wato dabbar nan ta ƙasar Sin mai suna panda. Daga cikin dalilan zaɓenta akwai na tsimi, domin baƙi da fari ce, buga ta a takarda ba ya bukatar tawada mai launi.

Babban gadon da ya bari shi ne Jan Littafi. Yana shugaban kwamitin UICN mai kula da halittun da ke cikin haɗari, ya tsaya kai da fata sai an rubuta kowace dabba da kowane tsuntsu da ke neman ƙarewa: ina take, nawa suka rage, me ke kashe ta, me aka yi a kai. Kundayen farko sun fito a 1966. Ba a ɗinke shafukansu ba, an yi su ne yadda za a iya zare shafi a sa sabo idan labari ya sake, kuma launin takarda na nuna hali, mai ja-ja ga wadda ke bakin rami, kore ga wadda ta farfaɗo. Wannan littafi shi ne ya zama Jan Jeri na yau, wanda ya auna halin halittu iri fiye da 150,000, kuma da shi gwamnatoci ke aiki wajen tsara dokokin farauta da na cinikin namun daji.

Inda labarin ya taɓa Nijar

Mai karatu na iya tambaya mene ne haɗin Baturen fadamar Ingila da mutumin Maraɗi ko Tawa. Haɗin farko tsuntsayen ne da kansu. Agwagin ruwan da ke cika tafkunan Sahel daga watan Oktoba zuwa Maris, ban da kirinjijiya da dinya na gida, da yawansu baƙi ne daga Turai da Rasha, sun ƙetaro teku da hamada. Cikinsu akwai wata mai dogon wutsiya mai tsini, wadda tsohon sunanta na masana shi ne Dafila, sunan da Scott ya raɗa wa ƴarsa. Tsuntsun da ke da gida biyu, ƙasa guda ba ta iya kare shi. Wannan tunani ne ya haifar da yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, kuma Geoffrey Matthews, shugaban bincike na Slimbridge, na cikin waɗanda suka tsara ta. Nijar ta shiga a 1987 da gandun dajin W. Daga baya aka ƙara tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jahar Tawa, tafkin Madarunfa a jahar Maraɗi, na Gidimuni da na Lasuri a Damagaram, da ɓangaren Nijar na tafkin Cadi. Kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama lokaci guda, aikin da aka fara a 1967, Afirka ta shiga sosai daga farkon shekarun 1990.

Haɗi na biyu yana cikin shafukan Jan Littafi. Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasshe da a da ke yawo garke-garke tsakanin Tadres da Termit, an daina ganinta a Nijar tun shekarun 1980. Farauta da mota da bindiga mai sarrafa kanta, da farin 1973 da na 1984, su suka gama da ita. A shekara ta 2000 aka rubuta cewa ta ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Sai dai akwai saura a gidajen namun daji na ƙasashen waje, kamar yadda aka ajiye nene a Slimbridge. A 2016 aka fara sakin wasu a gandun Wadi Rime na ƙasar Cadi, suka hayayyafa, har a watan Disamba 2023 aka sake mata shafi, ta koma sahun masu rai a daji ko da yake cikin haɗari. WWF da UICN kuma sun taimaka wa gwamnatin Nijar wajen kafa gandun Ayar da Tenere a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. Rikicin tawaye ya ɓarke, a 1992 aka mai da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, jiminun Ayar kuwa aka kusan shafe su a ƴan shekaru. Yanzu a killace ake kiwon sauran irinsu, a Kelle ta ƙasar Gure da wasu wurare ƙalilan. Dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira addax ita ma tana bakin rami: binciken da aka yi ta sama da ƙasa a yankin Termit a 2016 guda uku kawai ya gano.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda su ne na ƙarshe na irinsu a duniya. A 1996 an ƙidaya 49. Hanyar da aka bi wajen ƙidayar ita ce ta tagar Scott, domin zanen jikin kowane raƙumin dawa dabam yake, ana ɗaukar hotonsa hagu da dama a ba shi lamba a rajista. Da aka san yawansu, aka hana farauta, aka kuma sa mutanen karkara cikin aikin da ribarsa, sai suka haura 600 kafin 2018, har a ƙarshen shekarar aka ɗauki takwas a mota aka kai gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro. Manoman yankin na kukan ɓarnar wake da mangwaro, kuma kukansu gaskiya ne, dole a sa shi cikin lissafi, don kare dabba a kan cikin talaka ba ya ɗorewa.

Kuskurensa da ƙarshensa

Scott bai tsira daga tuntuɓe ba. A 1975 ya yarda da wasu hotuna da aka ce na wani dodo ne da ke cikin tafkin Loch Ness na ƙasar Skotland, har ya raɗa masa suna irin na masana, da hujjar cewa doka ba ta kare abin da ba shi da suna. Daga baya ta bayyana an gyara hotunan, aka yi masa dariya a jaridu. Mutumin da ya koya wa duniya kada ta rubuta sai abin da ta gani ta ƙidaya, ranar da ya bi son zuciyarsa sai ya zame. Wannan bai rage masa daraja a sauran aikinsa ba. Tun a 1973 Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir, shi ne na farko da ya same shi saboda kare halittu. Ya yi shekaru yana fafutukar hana kisan manyan dabbobin teku da Faransawa ke kira baleine, har aka amince da dakatar da farautarsu ta kasuwanci a 1982. Ya bar littattafai da dama, ciki har da tarihin rayuwarsa, The Eye of the Wind, na 1961. Ya rasu a birnin Bristol ranar 29 ga Agusta 1989, saura mako biyu da ƴan kwanaki ya cika shekara 80.

Kayan aikin da ya fi dogara da su ba su da tsada: ido, haƙuri, fensir da takarda. Ma'aikacin gandun daji da ke tsaye bakin tafkin Tabalak cikin sanyin Janairu da madubin hangen nesa da kaye a hannu, aikin Scott yake yi, ko da bai taɓa jin sunansa ba, kuma abin da yake bukata daga manyansa bai wuce man babur da wanda zai karanta rahotonsa ba. Wanda ke zaune a biro yana sa hannu a takardar izinin farautar tuje da barewa ga baƙi masu hannu da shuni, ya dace ya tambayi nawa suka rage kafin ya ɗora alƙalami. Ɗan kasuwar da aka kawo wa ƙwan jimina ko ɗan barewa a ɗaure, shi ma ya san ƙa'idar sana'arsa: wanda ke cin uwar kuɗi yana ce mata riba, kwanan shagonsa ƙidayayye ne. Mariri ta sami wanda ya ajiye mata iri a ƙasar waje, shi ya sa aka iya sake mata shafi. Raƙuman dawa na Kure kuwa, kusan dukansu a wuri guda suke, kuma mutanen Nijar ne ke riƙe da rajistarsu.